Ƙofar Ɗakin Buhuna

Kwana biyar kacal Alhaji Mas'udu ya yi a Abuja wurin taron bita na masu kamfanoni, amma ranar Litinin da ya dawo Gusau, tun daga fitowarsa daga mota Bara'atu ta san akwai magana. Babu babbar riga. Wata 'yar riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, da shuɗin zare rataye a wuya ɗauke da katin sunansa. Da Dogo maigadi ya rugo zai karɓi jakarsa, sai ya riƙe abarsa gam.

Aka kashe injin matsa, abin da ba a yi sai don salla ko in wuta ta ɗauke. Aka tara ma'aikatan kamfaninsa na man gyaɗa duka a gindin darbejiyar tsakar fili: masu suya, masu injin, direbobi, da matan sashen ɗura mai, inda Bara'atu ta shekara uku tana cika jarkoki tana liƙa musu takarda.

"Na je na gano ciwon kamfanin nan," in ji Alhaji. "Ba injin ba ne, ba kasuwa ba ce. Al'ada ce. Ba mu da al'adar wurin aiki."

Fiddausi, abokiyar zaman Bara'atu a wurin ɗura, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni na ɗauka fanka zai ce."

Dokoki uku ya zo da su. Ta farko, ƙofa. An nuna musu a can cewa shugaba nagari ƙofarsa a buɗe take, shi kuwa ya ga babu dalilin tsayawa rabin hanya, don haka za a cire ƙofofin ma gaba ɗaya. Ta biyu, duk Alhamis bayan la'asar za a yi zaman gaskiya, kowa ya faɗi abin da ke ransa ba tsoro.

"Ta uku kuwa ita ce uwarsu," ya ce, yana ɗaga katin wuyansa. "Daga yau babu Alhaji, babu Oga, babu ranka ya daɗe. Waɗannan kalmomi katanga ne tsakanina da ku. Dukanmu ɗaya ne, iyali guda. Sunana Mas'udu. Kowa ya faɗa in ji."

Maza suka yi wani gunaguni irin na masu amsa addu'ar da ba su ji farkonta ba. Fiddausi kuwa ta buɗe murya ta faɗa sarai, har sau biyu, kamar ta daɗe tana jiran wannan rana. Bara'atu ta sunkuyar da kai ta motsa leɓe kawai.

Ba taurin kai ba ne. Mas'udu sunan surukinta ne, mahaifin mijinta Kamilu, dattijon da ke noma a Karakkai. Tun ranar da aka kai ta gidan Kamilu a Bungudu sunan bai sake bi ta bakinta ba. Baba take cewa. Da ta haihu kuma aka mayar wa jaririn sunan kakansa, suna kiransa Abba, sai abin ya zama biyu: sunan suruki, sunan ɗan fari. Ko a asibiti in an zo rubuta kati, tsohon katin take miƙawa ta ce a kwafa. Shekara uku tana aiki a nan ba ta taɓa damuwa ba, domin Alhaji Alhaji ne, sunansa na takarda ne da bakin manyan 'yan kasuwa.

Shi kuwa Abba, ɗan wata tara, a daidai lokacin yana barci taku arba'in daga gindin darbejiyar, a ɗakin buhuna.

Ɗakin yana can ƙarshen ginin, bayan sito, inda ƙarar injin ba ta isa sosai. Ƙofarsa ta katako ce mai kauri, kuma ita ce ke tare ƙurar ɓawon gyaɗa da hayaƙin suya. A takardar aiki, Inna Yelwa ce kaɗai a ciki, tsohuwa mai ɗinke yagaggun buhuna da basilla. A zahiri akwai tabarma biyu, da gidan sauro, da randa, da yara huɗu. Babu wanda ya san shekarar da aka fara. Mace dai takan shigo da safe da goyonta a ƙarƙashin hijabi, Dogo ya ga tudun bayan, nan take rediyonsa ya buƙaci gyara, ya duƙufa a kansa har ta wuce. In yaro ya farka, Inna Yelwa ta leƙo ta ƙwala kira: "Wance, buhunki ya yage!" Wance ta ajiye mazurari ta tafi, ta kusa da ita ta haɗa layi biyu tana ɗurawa har ta dawo. Ba a taɓa samun jarka ɗaya da ta fita ba a cike ba saboda haka. Zaharaddeen ma, ɗan ƙanwar Alhaji kuma manajan ma'aikata, ya sani, sai dai bai sani a rubuce ba.

Mutum ɗaya ne bai sani ba: Alhaji. Shi yana jin kiran ta tagar ofis, kuma sau biyu yana sauya mai kawo musu buhuna saboda yawan yagewa.

Bara'atu ta taɓa gwada barin Abba a gida. Mahaifiyarta tana Mada, surukarta tana Karakkai, sai ta bar shi wurin maƙwabciya da kwanon koko. Kwana huɗu aka yi, na biyar suna gadon asibiti ana ƙara masa ruwa. Tun daga ranar ta yanke wa kanta hukunci: inda take nan yake, har Allah ya kai su yaye.

Kafinta ya fara aiki ranar Talata. Ƙofar ofishin Alhaji aka fara cirewa, aka yi tafi. Kafin azahar ƙuda da masu neman alfarma sun gano hanya, sai aka rataya labule. Labule bai hana kowa ba, sai aka ɗauko Dogo daga bakin get aka ajiye masa benci a bakin ofis.

"Ina za ki?" haka yake tambayar duk wanda ya doso.

"An ce ƙofa a buɗe take, Baba Dogo."

"Ƙofa dai babu ta. Ni ina nan."

Zaharaddeen ya samu sabon muƙami, jami'in al'ada, da sabon littafi mai jan bango. Duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce Alhaji, a ja masa layi. Layi uku, a tura shi wurin sayen gyaɗa na Tsafe ya je ya yi nazari. Malam Bala mai injin, wanda ya fi shekara ashirin a kamfanin, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ranar farko ya ce Alhaji. Rana ta biyu ya ce Alhaji Mas'udu. Rana ta uku ya cire hula, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, Mas'udu." Ranar Litinin yana Tsafe.

Bara'atu ta koyi dabaru. In ta hango shi daga gabas sai ta tuna tana da aiki a yamma. In sun yi kaciɓis ta ce "Ina kwana, an tashi lafiya, ya iyali," ta jero gaisuwar ba numfashi har ya wuce, ba a samu gurbin suna ba. Sau ɗaya ya tsaya yana jira da murmushi, sai tari ya sarƙe ta, tari na gaske da tsoro ya kawo. Duk da haka ta samu layi ɗaya, don wata safiya ta ce wa Fiddausi "Alhaji ya iso" a kunnen Zaharaddeen. Tsafe kuwa daga Bungudu mota biyu ce, a ratsa Gusau gaba ɗaya. Ba tafiyar da za a yi kullum da jariri ba ce, kuma a can babu Inna Yelwa.

Zaman gaskiya na farko ya yi kyau ƙwarai. Mutum uku suka yi magana. Na farko ya ce gaskiya cire ƙofofi ya kawo iska. Na biyu ya ce gaskiya shi bai taɓa ganin shugaba irin wannan ba. Na uku, wani direba, ya ce gaskiya tayoyin motarsa sun suɗe, sai aka bayyana masa cewa wannan ƙorafi ne, ba gaskiya ba, kuma akwai bambanci.

A mako na uku Zaharaddeen ya shigo sashen ɗura yana kallon silin.

"Ƙofa ɗaya ta rage," ya ce. "Ta ɗakin buhuna. Ranar Juma'a da safe za a cire. Za a kwashe buhuna a kai sito, a shimfiɗa darduma, a sa kujeru masu laushi. Ɗakin tunani zai zama. Duk mai sabon tunani ya shiga ya zauna ya yi."

Babu mazurarin da ya motsa.

"To buhunan da ke ciki fa?" in ji Fiddausi. "Masu rai nake nufi."

"Ni buhu na sani," ya ce, har yanzu idonsa na silin. Da ya kai bakin fita ya tsaya, bai juyo ba. "Alhamis akwai zaman gaskiya. Ni dai na tuna muku ne."

Da azahar matan suka taru a ɗakin, ƙofa a rufe. Abba yana kan cinyar Bara'atu yana sha, hannunsa ɗaya riƙe da bakin hijabinta. Inna Yelwa ta soke basilla a buhu ta ce, "Ɗiyan ga in an cire ƙofar ga, ƙurar ɓawo za ta cika musu ƙirji kafin sati. Mi za ku yi?"

Aka yi ta juya magana. Fiddausi ba ta da goyo, kuma Alhaji ya riga ya ɗauke ta mai ban dariya. Duk abin da ta faɗa dariya yake yi ya ce wannan ita ce al'adar da yake so. Sauran iyayen biyu ko gaisuwa ba sa iya yi masa ba murya na rawa. Hasana, mai 'yar wata huɗu, tuni ta fara hawaye. Sai idanu suka taru a kan Bara'atu. Ita ce ta gama sakandare, ita ce ba ta taɓa makara ba duk da daga Bungudu take zuwa, ita ce in ta yi magana ba ta ƙari ba ta ragi.

"Kun san dokar zaman," ta ce. "Da sunansa ake buɗe magana. In ba a faɗa ba, ba ya saurare."

"To ki faɗa mana," in ji Fiddausi. "Harafi nawa ne? Ni na faɗa ya fi sau ɗari, ko haƙori ɗaya bai faɗi ba."

"Ke ba surukinki ba ne."

"Allah ya kiyaye. Nawa surukin in ya zo, sunansa Abdulaziz, na riga na bincika."

Aka yi 'yar dariya, ba ta kai ciki ba. Bara'atu ta dubi yaron da ke cinyarta, ta ce za ta yi.

Da yamma a gida, bayan magariba, ta faɗa wa Kamilu yana wanke baƙin mai a hannunsa, don gyaran janareta yake yi a bakin kasuwar Bungudu. Ya saurara har ƙarshe, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

"Baban Abba, dariya kake yi?"

"Wallahi ba dariya ba ce. To, dariya ce." Ya goge hannu. "Ki faɗa mana, Maman Abba. Lalura ce. Ni na yafe, Baba ma ba zai ji ba."

"Kai faɗa in ji."

Ya buɗe baki, ya rufe. "Ni ai ba ni za a kai Tsafe ba."

Daga baya ya kawo shawara. Ta ɗauka kamar masa za ta saya a tasha. Ta faɗi "masa" da ƙarfi, sauran sunan ta haɗiye, kowa zai ɗauka ta faɗa. Ta gwada a gaban murhu, ta gwada tana wa Abba wanka. Masa tana fita lafiya lau. Abin da ke bayanta ne yake tsayawa a maƙogwaro kamar ƙashin kifi, domin tana kaiwa nan sai ta ga dattijon zaune a kan buzunsa a Karakkai, yana miƙo mata ƙullin gyaɗar gonarsa yana cewa a kai wa mai sunansa.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Alhaji ma a ƙasa yake zama yanzu, sai dai an sa masa darduma biyu da matashi. Bayan mutum biyu sun faɗi gaskiyarsu game da iska, Bara'atu ta miƙe.

"Yawwa!" in ji Alhaji. "Yau mata sun motsa. Bismilla, 'yar'uwa."

Ta riga ta tsara maganarta tun a mota: yara huɗu ne, ba su taɓa rage aiki ba, ga lissafin jarkokin sashensu ya fi na bara, abin da suke roƙo ƙofa ɗaya ce. Duk yana nan a jere. Kalma ɗaya ce a gabansa.

"Masa…" ta ce.

Alhaji ya gyaɗa kai yana murmushi, yana juya hannu kamar mai taya mota fita daga rami.

"Masa…"

"Ƙarasa mana. Ba cizo nake ba."

Wani daga baya ya ce, "Da miyar taushe ko da ƙuli?" Aka tuntsire. Zaharaddeen ya buɗe jan littafinsa a hankali, kamar mai fatan a kira shi a waya. Bara'atu ta ji zufa na bin bayanta inda goyo ya saba zama. Ta rufe ido, ta ce a ranta Baba ka yafe ni, ta ja numfashi.

"Bara'atu!" Muryar Inna Yelwa ta ratso filin daga bayan sito. "Buhunki ya yage!"

Murmushin Alhaji ya ɗauke.

"Kuma?" Ya miƙe tsaye. "Kuma? Wannan shi ne mutum na uku da nake karɓar buhu a hannunsa! Ya rantse mini da Allah daga Kano ake kawo su. Yau sai na ga yagewar nan da idona."

"Kawu," in ji Zaharaddeen, ya manta da dokarsa, "bari in je in duba…"

"Zauna. Shugaba da kansa yake zuwa inda matsala take. Haka yake a shafi na huɗu na littafin bita."

Ya nufi bayan sito, taron duka ya bi shi, Bara'atu tana gaba tana sassarfa ba ta san ko tare shi za ta yi ko riga shi za ta yi ba. Dogo ya zo daga baya da rediyonsa. Alhaji ya tura ƙofar.

Biyu suna barci a cikin gidan sauro. 'Yar Hasana tana kan ƙafar Inna Yelwa. Abba kuwa yana tsaye dafe da tarin buhuna, fuska jiƙe da hawaye, ya buɗe baki zai sake sabon kuka, sai ya ga baƙo ya fasa.

 Alhaji ya dubi randa, ya dubi 'yan rigunan da aka shanya a kan igiya, ya dubi Inna Yelwa.

"Tun yaushe?"

"Tun kana zuwa wurin ga da gajeren wando, zamanin mahaifinka," in ji ta, ba ta ko ajiye basilla ba.

Ya juyo. "Zaharaddeen?"

"Ba a rubuce yake ba."

"Dogo?"

"Ni rediyo nike gyara."

Wuyan Alhaji ya kumbura. Bara'atu ta ga Tsafe a fuskarsa ƙarara, ta ga tashar mota biyu, ta ga kwanon koko. Ta ratsa ta gefensa za ta ɗauki ɗanta, amma Abba ya riga ta. Ya saki buhu, ya yi taku ɗaya da rabi, ya faɗa kan ƙafar Alhaji ya riƙe wandonsa. Babu yadda mutum zai yi da yaron da ya riƙe masa wando a gaban jama'a. Ya sunkuya ya ɗauke shi. Abba ya cafke katin wuyansa ya kai baki.

"Na wace ce wannan?"

"Nawa ne," in ji Bara'atu.

"Ya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke, tambayarki nake. Nawa sunan kin kasa faɗa, na ɗanki ma kin kasa?"

"Ai guda ne," in ji Fiddausi daga bakin ƙofa. "Shi ya sa ta kasa. Takwaranka ne kake riƙe da shi. Ɗan fari ne kuma."

Alhaji ya dubi yaron. Ya dubi katin da ke bakinsa, inda yawu ya fara jiƙa harafin farko. Wani abu ya sauka daga kafaɗunsa.

"Sunana kika sa masa?"

Bara'atu ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton kai. Ta ce, "Sunan Baba ne."

"Baba," ya maimaita a hankali. Ya juya ga taron, idonsa ya kawo ruwa. "Kun ji? Baba. Ni ina can Abuja ina biyan mutane su koya mini yadda ake zama iyali, ashe tun wata tara da suka wuce ma'aikaciyata ta haifi ɗa ta rasa sunan da za ta sa masa sai nawa. Kuma ba ta zo ta faɗa mini don neman wani abu ba!"

"A'a, Baba na Karakkai nake…"

"Har Karakkai!" in ji Alhaji. "Har Karakkai an san abin da muke ginawa a nan. Zaharaddeen, rubuta."

Ta sake buɗe baki. Fiddausi ta taka mata ƙafa da dukkan nauyinta, ta ce ta gefen baki, "Kin faɗa sau biyu, Allah ya gani. Ki bar bawan Allah ya ji daɗinsa."

"To me kuke kiransa a gida?" in ji Alhaji, yana ƙoƙarin ƙwato katinsa.

"Abba."

"Shi ke nan. Ke daga yau an ɗauke miki. Abin da kike kiransa shi za ki kira ni." Ya miƙa mata yaron kamar mai miƙa kwalbar turare. "Kafinta kuma kada ya kuskura ya taɓa ƙofar nan. Ƙura za ta shigar wa takwarana."

Ɗakin tunani bai samu ba. Kujeru masu laushin da aka riga aka sayo aka shigar da biyu ciki, kuma gaskiya suna da daɗin shayarwa. Aka kawo fanka. Aka buga allo a jikin ƙofar mai ɗauke da rubutu: Ɗakin Takwara, sabon tsari daga shugabancin kamfani. Kafin wata ya ƙare kowa ya gane cewa Abba ba ya cikin kalmomin da aka hana, sai kamfanin duka ya koma Abba, masu injin har da cire hula da rusunawa, Zaharaddeen bai ja wa kowa layi ba. Malam Bala dai yana Tsafe har yanzu, domin shi da tsohuwar kalma ya yi nasa girmamawar.

Abin bai bar ran Bara'atu ba sai da ta sa Kamilu ya je Karakkai ya faɗa wa dattijon komai. Ya dawo ya ce Baba ya saurara yana ɓare gyaɗa, tambaya ɗaya ya yi: yaron yana samun nono da azahar? Da aka ce yana samu, ya ce to sunan ai ba ƙarewa zai yi ba, a bar mutumin ya ɗiba.

Gyara ɗaya Alhaji ya kawo. Ya kira Inna Yelwa ya ce zancen buhu ya yage ya ƙare. A kamfanin da babu ɓoye-ɓoye, kowane yaro da sunansa na yanka za a kira shi, a fili, da abin da ya faru. Inna ta ce to.

Bayan sati biyu mutanen Abuja da suka shirya bitar suka zo ganin ɗalibinsu. Su uku ne, da mai ɗaukar hoto. Alhaji ya zagaya da su ofisoshi marasa ƙofa, ya tsayar da su a tsakar fili daidai sashen ɗura, yana bayyana musu yadda ya zauna shi kaɗai ya yi tunanin ɗakin yara, da yadda a nan kowa ke kiran sunansa ba shakka ba tsoro. Babbar cikinsu tana rubutawa tana gyaɗa kai.

Ƙofar katako ta buɗe a bayan sito.

"Bara'atu!" Muryar Inna Yelwa ta cika filin har bakin get. "Taho maza! Mas'udu ya ɓata wandonshi, har ƙafa!"

Alƙalamin baƙuwar ya tsaya. Mai hoto ya sauke kyamara ya dubi wandon Alhaji, sannan ya dubi sama. Dogo ya duƙufa a kan rediyonsa. A sashen ɗura, Fiddausi ta kifa kai a kan jarka, bayanta yana girgiza, hannunta ɗaya ya riga ya miƙo ya karɓi mazurarin Bara'atu.

Washegari da safe aka ga sabuwar sanarwa a jikin darbejiya, da sa hannun jami'in al'ada. Ta ce bayan dogon nazari, shugabanci ya amince a ci gaba da amfani da kalmar buhu, kasancewarta tsohuwar al'adar kamfani da ya kamata a kiyaye.

Bara'atu ta karanta ta da goyonta a baya, yau ba a ƙarƙashin hijabi ba. Ta wuce bayan sito, ta gaida Inna, ta kwance Abba ta zauna a kujera mai laushi. Injin ya tashi a can gaba, ƙurar ɓawo ta fara tasowa. Ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar ta rufe.